Yadda ake gyara ruwan sha idan an shiga daji

Sababbin shiga daji ba ƙishirwa ce ke kayar da su ba yawanci, gudawa ce. Za ka ga mutum ya kashe kuɗi kan tanti da takalmi, jaka kamar zai yi ƙaura, kwana biyu da shiga sai ga shi tsugune a bayan bishiya ya kasa ɗaga ƙafa.

Fara da wurin ɗiba. Ruwa mai gudu ya fi kwantacce, kuma in ka ga sawun kofato da kashin dabbobi a bakin rafi to ka ƙara haurawa sama. Kada garai-garai ɗin ruwa ya ruɗe ka, ido ba ya ganin ƙwayoyin cuta. In da laka a ciki ka ajiye ya kwanta sannan ka tace da ƙyalle mai ninki, amma fa tacewa da ƙyalle ba ta kashe komai, datti kawai take ragewa.

Ni a wurina tafasawa ita ce magana. Ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti 1, ba wai ka ga 'yan kumfa a gindin tukunya ka sauke ba. In kana kan tsauni sama da mita 2,000 ka kai minti 3, don a can ruwa na tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Ƙwayar kilorin ma tana aiki kuma ba ta da nauyi a jaka, sai dai ka jira minti 30, sannan akwai wata ƙwayar cuta, Cryptosporidium, da kilorin ba ya iya mata. In babu wuta babu magani, cika gorar roba wadda ake ganin cikinta garau da ba ta wuce lita 2 ba ka kwantar a rana awa 6, in gari da hadari kwana 2.

To ga inda kowa ke ɓata aikin. Mutum ya sha wahala ya nemo itace ya hura wuta ya tafasa, sai ya juye a cikin gorar da ya ɗebo ruwan rafin da ita ko ɗauraya babu, kuma wai yana mamakin cikinsa ya murɗa. Gora biyu ake riƙewa, ta ɗiba daban ta sha daban, ka ɗaura wa ta ɗiba jan zare a wuya don da daddare duk kama suke yi. In ƙwayar kilorin ka jefa, bayan ta narke ka ɗan sassauta murfin ka kifa gorar ruwan ya tsiyayo ta bakinta, don ɗan ɗigon da ya maƙale a inda ake murɗa murfi shi leɓenka zai fara taɓawa. Kofi ma haka, kuma kada ka goge baki da ruwan rafi wai ai ba haɗiyewa za ka yi ba.

In ka sauka wurin mutanen da ke zaune a yankin, tambaye su inda suke ɗiba, sun fi taswirarka sani. Amma cikinsu ya saba naka bai saba ba, ka karɓa da godiya ka nemi wuta ka tafasa. Ka riƙa duba fitsarinka, in ya yi ja ka ƙara sha, kuma ka tafi da 'yan ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, a jaka.