Yadda Ake Ziyartar Gidan Kedleston da Filinsa a Ingila

Gidan Kedleston yana gundumar Derbyshire, kimanin kilomita 6 arewa maso yamma da birnin Derby. A shekarar 1759 Nathaniel Curzon ya sa aka fara gina shi bisa salon gine-ginen tsohuwar Rum da Girka, mai zanen gine-gine Robert Adam kuma shi ne ya tsara mafi yawansa. Yanzu yana hannun ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi a Birtaniya.

Da farko, a duba ranakun buɗewa a shafin ƙungiyar, domin sau da yawa filin yana buɗe alhali gidan na rufe, musamman lokacin hunturu. Mai tasowa daga Landan zai hau jirgin ƙasa a tashar St Pancras zuwa Derby, daga nan ya ɗauki tasi. A sa takalmin da zai jure laka.

Na biyu, idan an iso kada a yi gaggawar shiga ciki. A tsaya kan gada mai baka uku da ke hanyar shiga a kalli fuskar gidan daga nesa, saboda don wannan kallon aka tsara hanyar. Har ƙauyen da ke wurin sai da aka tashe shi domin kada ya tare ido, cocinsa kaɗai aka bari.

Na uku, a shiga babban zaure mai ginshiƙai 20 na dutse, sannan a wuce ɗaki mai zagaye wanda aka kwaikwayi ƙubbarsa daga Pantheon, wani tsohon wurin bauta da ke birnin Rum. A nan ya kamata mai ziyara ya daɗe, ya ɗaga kai ya lura da yadda haske ke saukowa ta saman rufi. Zai taimaka a san cewa wannan sashe na tsakiya ba don zaman yau da kullum aka gina shi ba, don tarbar baƙi da nuna arziki ne, iyalin kuwa a wani sashe na gefe suke zaune. Wannan ne ya sa ɗakunan suka fi kama da fada.

Na huɗu, a sauka hawa na ƙasa a ga kayan da Lord Curzon, ɗaya daga zuriyar Nathaniel Curzon, ya tara daga ƙasashen Asiya. Shi ne wakilin sarautar Birtaniya a Indiya daga 1899 zuwa 1905, kuma shi ya shirya gagarumin hawan daba na Delhi a 1903. Ita kanta kalmar daba daga can Turawan mulki suka kawo mana ita.

Daga nan a zagaya bayan gidan a ga fuskarsa ta kudu, wadda aka ɗauko siffarta daga ƙofar nasara ta Sarki Constantine da ke birnin Rum. Wanda yake da sauran ƙarfi ya bi doguwar hanyar ƙafa ta cikin itatuwa, mai tsawon kusan kilomita 5, ko ya gangara bakin tafkunan da aka samar ta hanyar datse rafi. Tumaki na kiwo a filin, saboda haka a rufe duk ƙofar shingen da aka buɗe.