Kurakuran da ke lalata taba, daga wurin reno zuwa rumfar shanya

Fadamun Shinkafi da kewayenta sun daɗe da sanin taba, tun kafin kamfanin taba ya buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959. Yau galibin masu nomanta a Zamfara 'yan kunyoyi ne suke yi a bakin fadama ko a bayan gida, don garin shaƙa, don fure, ko don ɗan abin kai wa kasuwa. Idan ka duba ganyen da ake shimfiɗawa ranar kasuwa, da yawansa kore ne shar, yana ruɓushewa a hannu, ga ɗaci da ƙartar maƙogwaro. Sai ka ji manomi yana zargin iri. Sau da yawa irin ba shi da laifi, gaggawa ce ta kashe ganyen, musamman wajen busarwa.

Ɓarna takan fara ne tun a wurin reno. Irin taba ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya yakan ƙunshi ƙwaya dubu goma ko fiye, kuma yana bukatar haske kafin ya tsiro. Wanda ya binne shi kamar yadda ake binne gero zai yi ta jira a banza. A gauraya shi da toka ko yashi mai laushi, a barbaɗa a saman ƙasar da aka daidaita, a danna da tafin hannu, a yafa ciyawa sama-sama don inuwa. Ban ruwa kuwa yayyafi ake yi, in ka kwara da guga duk irin zai taru a lungu ɗaya. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma za ka ga tsiro. In ya yi cunkoso a rage shi ba tausayi, domin cunkoso da yawan ruwa su ke sa wuyan tsiro ya ruɓe ya faɗi. Bayan mako shida zuwa takwas, in ya kai kamar taƙi ɗaya, a rage masa ruwa da inuwa na 'yan kwanaki don ya yi ƙwari, sannan a dasa da yamma.

Wurin dashen ma ana kuskure. Fangalin da aka cire tumatir, tattasai, attaruhu ko gauta bai dace da taba ba, don dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Tuge tsohon tumatir ka duba saiwarsa: in ka ga ƙulle-ƙulle, akwai tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, kuma za ta hana tabarka girma komai takin da ka zuba. Gara wurin da ya sha gero, dawa ko masara. Kada kuma a dasa inda ruwa ke kwanciya, taba ba ta jure jiƙon saiwa ko na kwana ɗaya zuwa biyu. A ja kunya, a bar kamar mita ɗaya tsakanin layi da layi, rabin mita tsakanin tushe da tushe.

Akwai cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance. Hannun mutum ne babban mai yaɗa ta. Wanda ya gama shaƙar gari ko murza sigari ya shiga taɓa dashe, shi ya kawo ta da kansa. Ba ta da magani. A wanke hannu da sabulu kafin shiga aiki, a tuge wadda ta kamu a ƙone.

Sai taki. Mutanenmu suna son ganin shuka ta yi baƙi-ƙirin don kore, sai su yi ta ƙara yuriya. Irin wannan ganye ba ya nuna da wuri, kuma in an shanya shi baƙi yake yi, ga kaifi. A zuba taki cikin makonni uku na farko bayan dashe, sannan a ɗaga hannu, a bar shukar ta cinye abin da ke ƙasa har ta fara jin yunwa gab da girbi. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai da ɗan tokar itace sun fi mata. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri kuma yana sa ganye ya ƙi cin wuta.

Wasu suna barin kowace shuka ta yi fure. In furen kake nema don masu haɗa shi da goro, to ware tushe kaɗan saboda haka da kuma iri. Sauran, da zarar kan fure ya leƙo a karya shi, a bar ganye goma sha shida zuwa ashirin. Bayan nan tofo zai riƙa fitowa a hammatar kowane ganye, kuma sai an bi shi duk mako ana cirewa. Wanda ya karya kai ya bar tofo bai yi komai ba.

Ganye ba ya nuna rana ɗaya. Daga ƙasa yake farawa ya hau sama. Nunanne yakan yi fatsi-fatsi, jijiyar tsakiya ta yi fari, bakinsa ya sunkuya, in ka karya ka ji ƙas. A ɗebi biyu ko uku a kowane tushe duk mako. Ɗanyen ganyen da aka tsinka kafin lokaci, babu dabarar shanya da za ta gyara shi.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Busar da taba ba irin shanyar kuka ko kuɓewa ba ce. Ganyen da aka tsinka yana da sauran rai, kuma a kwanakin farko yana cinye korensa da kansa, sitacin cikinsa yana juyewa, har ya koma ruwan ɗorawa. Wannan ba ya yiwuwa sai da laima a jikinsa. In ya bushe kafin ya yi ɗorawa, koren ya zauna ke nan har abada, tare da ɗacinsa. To mu kuma tabar rani takan iso ne a lokacin hunturu ko farkon bazara, sa'ad da iska ke busar da wanki kafin a gama shanya shi. Mutum ya baza ganye a kan rufin kwano ko a tsakar gida, kwana biyu ya ce ta bushe. Ta bushe, amma ba ta zama taba ba. Sauri ya haifi nawa.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A jera ganyen a ɗaki mai sanyi, tsibi-tsibi marasa tsayi, a rufe da buhun algarara ko tsohon zane. Kullum a buɗe a juya, na ciki ya dawo waje, a sa hannu a ji: ɗumi kaɗan ba laifi, amma zafi da jiƙewa alamar ruɓa ce. Cikin kwana uku zuwa biyar yawanci zai yi ɗorawa. Sannan a soke gindin ganyen a zare, biyu-biyu baya da baya, a rataye a rumfar da aka kewaye da zana, inda rana ba ta shiga. In iska ta tsananta a matso da su kusa da juna, a toshe ɓangaren gabas da arewa inda hunturu ke bugowa, a yayyafa ruwa a ƙasan rumfar safe da yamma, ba a jikin ganyen ba. Mai tabar damina kuwa matsalarsa akasin haka ce: laima ta yi yawa, fumfuna na jira, don haka ya ba da tazara ya buɗe wa iska hanya. Ko ta yaya, ana maganar mako huɗu zuwa takwas ne, kuma ba a saukewa sai jijiyar tsakiya ta karye ƙas. Jijiya mai sauran danshi ita ke ruɓar da dami guda.

Kada a sauke da tsakar rana, ganyen zai farfashe. Da asuba, ko bayan an jiƙa ƙasan rumfar ta kwana, yakan yi laushi. A ɗaure shi ƙulli-ƙulli, a jibge a kan katako, a rufe, a riƙa juyawa in ya ɗauki zafi. Warin da ke hawa kai zai riƙa fita a hankali, ƙanshi ya maye gurbinsa bayan wasu makonni. A ajiye nesa da kalanzir, fetur da taki, domin taba tana jan wari.

Maganin feshin auduga ba na taba ba ne, ganyen nan baki da hanci zai shiga ba tare da wanki ba. Tsutsar ganye a 'yan kunyoyi da hannu ake tsince ta. Kuma kada ka tura yara girbi, ballantana da raɓa. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana ratsa fata daga jiƙaƙƙen ganye, ya kawo jiri, amai da ciwon kai, sai a ɗauka zazzaɓi ne. Babba ma ya jira raɓa ta ɗauke, ya sa riga mai dogon hannu, ya yi wanka da sabulu bayan aiki. Masu cewa ta gida ba ta cutarwa tunda ba ta bi ta kamfani ba, sun yi kuskure: shan ta, shaƙar ta da dasa ta a leɓe duk suna jawo jaraba, cutar zuciya da ciwon daji. Dokar taba ta 2015 ta haramta sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, kuma garin da ake aunawa a kasuwa yana cikin wannan hani.