Kafin ka kama haya a Sakkwato

Ɗan uwa in za ka kama haya a Sakkwato, fara da tambayar ruwa tun kafin kuɗin ɗaki. Shiga unguwar da safe ka duba, in ka ga 'yan garuwa na ta turo kura cike da jarkoki to ka san famfo ba ya kawowa, ka sa kuɗin ruwa cikin lissafi. Ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ɗakin da ba silin kuma taga guda wallahi kwana waje za ka yi.

Sannan kar ka biya dillali sai ka ga gidan da damina, ko ka tambayi mai shagon layin inda ruwa ke kwanciya, musamman wasu sassan Mabera.

Wurin aiki kuma shi ke yanke hukunci, mai aiki asibitin koyarwa ya nemi Gawon Nama ko Arkilla, ɗan jami'ar Ɗanfodiyo Runjin Sambo ta fi mai kusa, kuɗin kabu-kabu kullum ba wasa ba ne. Cikin gari wajen Kanwuri akwai jama'a da kasuwa kusa, sai dai lunguna, mota ba ta shiga ko'ina.