Yadda Ake Duba Motar Hannu Kafin a Biya Kuɗinta

Masu son mota ba sa gajiya da musu. Wannan ya ce Toyota ba ta mutuwa, wancan ya ce babu abin da ya kai motar Jamus daɗin tuƙi, wani kuma ya rantse da Honda. Ni ma ina shiga musun, kuma kowa da gaskiyarsa: Corolla da aka fara ƙerawa a 1966 an sayar da fiye da miliyan 50, ai ba banza ba. Amma Camry masu injin lita 2.4 na 2007 zuwa 2009 sun yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai. Tambarin da ke gaban mota wanda ya ƙera ta yake nuna maka, ba wanda ya yi shekara goma yana hawanta ba. Don haka motar da ke gabanka za ka duba, ba sunanta ba.

Mataki na farko: ka je da rana tsaka, kuma ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Hasken fitila da jiƙaƙƙen fenti suna rufa wa mota asiri. Da zuwanka ka buɗe bonet, ka kai bayan hannunka kusa da injin. In ka ji ɗumi, ka ɗaga duban zuwa gobe. Injin da ya ɗau zafi yana ɓoye wahalar tashi, da ƙarar da yake yi da safe, da hayaƙin farko.

Na biyu: lambar casis. Tun daga 1981 haruffa da alƙaluma 17 ne, kuma babu I, O ko Q a ciki. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, da jikin ginshiƙin ƙofarsa, da cikin takardu. Dole su zo ɗaya, ko harafi guda ya saɓa ka haƙura da motar. Harafin farko ƙasar da aka haɗa ta ne: J Japan, W Jamus, K Koriya ta Kudu, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, na goma shi ne shekara: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, haka har gaba. Nan ake kama wanda ya sauya wa tsohuwar mota fitilu da bamba ya ƙara mata shekaru. Da lambar nan kuma za ka iya dubawa kyauta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ko akwai gyaran da kamfani ya yi kira a kai ba a yi ba, musamman jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ta sa aka yi kiranyen miliyoyin motoci saboda tana iya fashewa ta watso ƙarfe.

Na uku: jiki. Ka tsuguna a kusurwar gaba ka kalli gefen motar a tsaye, lanƙwasa da bambancin launi za su fito. Ka duba tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet da but, ko ta yi daidai hagu da dama. Ƙaramin maganaɗisu a cikin ƙyalle yana taimakawa: inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, an cike wurin kafin a fesa fenti. Sai dai ba ya kama alminiyam ko roba, kada ka zargi mai mota a banza. Ƙaramin gyaran jiki ba ya tayar min da hankali. Walda ko lanƙwasa a ƙarafan da ke riƙe da injin, wannan kam ba na tsayawa ciniki.

Abin da na fi tsoro shi ne motar da ta sha ambaliya. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Amurka, kuma irinsu sukan koma kasuwa bayan an wanke su tas. Na taɓa duba wata, tana sheƙi, ƙamshi ya cika cikinta har ya yi yawa. Da na jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga layin busasshen taɓo a jikinsa kamar an ja da alli. Kai ma ka jawo shi duka. Ka ɗaga kafet, ka leƙa ramin safayar taya, ka haska notunan ƙasan kujera ko sun yi tsatsa. Ruwa a hankali yake cin wayoyi, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice, bakanike ya yi ta lalube.

Na huɗu: kafin a tayar, ka buɗe murfin baƙin mai. Baƙin daskararren datti alamar ba a juye mai a kan lokaci ne. Kumfa mai launin madara kuma na iya nufin ruwan lagireto na haɗuwa da mai, wato gasket ya ƙone, ko da yake yawan gajeriyar tafiya ma na kawo ɗan kaɗan. In giyar otomatik ce mai sandar awo, ka shinshina manta, kada ya yi ƙauri. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun gargaɗi na injin, da birki, da jakar iska dole su kama, su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila kashe ta aka yi da gangan. Sai ka koma baya wajen salansa, wani ya tayar ya taka totur. Shuɗin hayaƙi, tana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa ne ke shiga injin. Baƙi, man fetur ya fi iska yawa.

Na biyar: kada ka gaskata lambar tafiyar da ke kan dashbod ita kaɗai, ana mayar da ita baya. Ka dubi robar birki, da sitiyari, da gefen kujerar direba. In sun siɗe amma lamba na cewa motar ba ta je ko'ina ba, ka gaskata robar. Taya ma na da shekarunta a rubuce: alƙaluma huɗu na ƙarshe bayan DOT, misali 2319, mako na 23 ne na 2019.

Na shida: ka tuƙa da kanka, rediyo a kashe, aƙalla minti 20. Ka bi hanya mai gargada ka saurari ƙafafunta, ka hau mai kyau ka ga ko tana ja gefe ko sitiyari na rawa in ka taka birki. Giya ta riƙa shiga ba fizga ba jinkiri. Ka kunna na'urar sanyi, idonka na kan allurar zafi. Da kun dawo ka bar ta tana aiki, ka leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga.

Daga nan sai bakanike, naka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya ɗaga ta sama ya duba ƙasa, ya jona na'urar bincike a soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996. In na'urar ta nuna babu matsala amma gwaje-gwajen kwamfutar motar ba su kammala ba, ba a daɗe da goge bayanan ba, ko an cire batir, ka tambayi dalili. Abin da ya gano ka rubuta, ka san kuɗin gyaransa, da shi za ka yi ciniki. In mai motar ya ƙi yarda a kai ta wurin bakanikenka, ka yi masa godiya ka miƙa masa makullinsa.