Yadda Za a Zaɓi Wurin Jinyar Tsoho a Lokacin Cututtuka Masu Yaɗuwa

A Sakkwato, idan ƙarfin Baba ko Inna ya ƙare, akan mayar da su gidan babban ɗa, domin kai mahaifi gidan gajiyayyu abin kunya ne a wurinmu. Sai dai garkuwar jikin tsoho ta riga ta yi rauni, musamman mai ciwon suga ko hawan jini, saboda haka a ganina ɗakin da zai kwana da ruwan da zai sha su ya kamata su yanke hukunci, ko da gidan auta ne ya cika sharaɗin.

A fara da duba ɗakin: ya kasance da tagogin da iska ke ratsawa, kuma kada jikoki su cika shi da dare, domin sanƙarau, wanda ya yi ɓarna a Sakkwato da Zamfara a 2017, ta numfashi yake yaɗuwa a cunkoso, lokacin ƙurar hunturu da zafin bazara. Idan a gidan akwai mai tarin da ya wuce mako 2, a kai shi gwajin tarin fuka kafin tsohon ya tare. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Da damina kuwa kwalara ce abin tsoro, don haka gidan da ke sayen ruwan 'yan garuwa ya tafasa na shan tsohon, ya kuma ajiye haɗin ruwan gishiri da sukari.

Dubiya ce ta fi wuyar sha'ani, domin babu mai son a ce ya yanke zumunci. Duk da haka, a ajiye buta da sabulu a ƙofa, 'yan dubiya su shiga biyu-biyu, mai mura ko tari kuma ya yi gaisuwarsa daga tsakar gida. Jinyar ta tsaya a hannun mutum ɗaya ko biyu, waɗanda tsohon da kansa ya aminta da su.

Tsoho yakan kamu da cuta mai tsanani ba tare da zazzaɓi ba. Da zarar an ga ruɗewa, sanƙarewar wuya, numfashi sama-sama ko amai da gudawa, a garzaya Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan likita ya sallame shi, kada a nemi ƙarin kwana, domin doguwar kwanciya tsakanin majinyata hanya ce ta ɗaukar wata cutar.