Neman madadin Tuscan Leather: wuraren da masu saye ke tuntuɓe

Wanda ya taɓa jin turaren Tuscan Leather na kamfanin Tom Ford a jikin wani da wuya ya manta da shi. Tun da ya fito a 2007 yake jan hankalin masu son turare mai nauyi: ƙamshin sabuwar fata, da za'afaran, da lubban, sai ɗan zaƙin wani ɗan itace da ake kira rasberi a sama. Matsalarsa ɗaya ce, kuɗi. Kwalbar mililita 50 ta haura dala 250, kai ka buga lissafin da naira. Don haka neman mai araha da ya yi kama da shi ba abin kunya ba ne, ni ma shi nake fesawa. Sai dai na ga mutane da yawa sun kashe kuɗin da ya kusa sayen na ainihin a kan kwalabe huɗu ko biyar da ba sa iya fesawa, kuma kusan kullum a wurare ɗaya suke faɗawa.

Babban ramin shi ne rashin bambance jabu da kwaikwayo. Kwaikwayo turare ne da wani kamfani ya haɗa da sunansa, a kwalbarsa, ya bi sawun ƙamshin mai tsada bai ɓoye ba. La Yuqawam Pour Homme na kamfanin Rasasi da ke Dubai misali ne, haka Toscano Leather na Maison Alhambra, wanda reshe ne na kamfanin turare na Lattafa. Ka san wanda ya yi, ka san abin da ka saya. Jabu kuwa shi ne a miƙo maka kwalba an rubuta Tom Ford, a ce ka kawo abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na farashinsa ba, a ƙara maka da labarin wai kwalin ne ya ɗan lalace a hanya ko wai na gwaji ne. Ni kaina na taɓa cin wannan ƙaryar a wani shago, saboda kwalbar ta yi nauyi a hannu kuma ledar ta yi kyau. Minti ashirin ƙamshin ya yi, sannan ya koma warin man goge takalmi, wuyana ya kwana yana ƙaiƙayi. Ba wanda ya san me aka zuba a ciki, ba kuma wanda za ka kama. Gyaran mai sauƙi ne: idan kuɗinka bai kai na ainihi ba, ka daina kallon sunan gaba ɗaya, ka nemi kwaikwayon da ya fito da fuskarsa. A sani kuma, su ma turarukan Dubai da suka yi suna ana buga jabunsu yanzu, don haka a duba ko lambar da ke gindin kwalba ta yi daidai da ta jikin kwali, a kuma sayi wurin wanda za a iya komawa gobe a same shi.

Sai kuma wanda zai shiga shago ya ce a ba shi "mai ƙamshin fata", kamar dai fatar iri ɗaya ce. Abin da mutane da dama ba su sani ba, babu fata a cikin kwalbar. Wanda ya taɓa bi ta majema ya san warin ɗanyar fata ba abin fesawa ba ne; ƙamshin da muke so na jakar da aka gama jemewa da bagaruwa aka goge ce, irin wanda ke tarbarka a layin dukawa. A Turai ma haka abin ya faro: a garin Grasse na Faransa, majema ne suka riƙa turara safar hannu don su kashe warin jima, daga baya garin ya zama cibiyar turare. Masu haɗa turare kan gina wannan ƙamshi da kwaltar da ake samu daga ɓawon wata bishiya ta ƙasashen sanyi, da ƙaron wasu itatuwa, da sinadarai na ɗakin gwaji. Yadda aka jera su ne ke fitar da fata kala-kala. Tuscan Leather fata ce mai duhu, mai hayaƙi, da zaƙin ɗan itace. Ombré Leather, shi ma na Tom Ford, wanda ya fito a 2018, ya fi laushi da bushewa, da hel irin wanda Larabawa ke sa wa gahawa da furen yasmin. African Leather na kamfanin Memo ya fi su yaji, hel da za'afaran ne ke gaba. Aramis kuwa, wanda yake kasuwa tun shekarun 1960, fata ce mai ɗaci irin ta dattawa, ba zaƙi ko kaɗan.

To idan Ombré Leather ka ji a jikin abokinka ka je ka sayo La Yuqawam, za ka ce an cuce ka, alhali kai ka tambayi abin da ba shi kake nema ba. Mai son Ombré ya gwada Amber & Leather na Maison Alhambra. Mai son Tuscan ya fara da La Yuqawam, wanda a hancina ya fi sauran kusa, kuma kwalbarsa mililita 75 ce. Wanda yajin ne ya ja shi ba fatar ba, ya shaƙi Bentley for Men Intense na 2013, mai masoro da lubban da itace. Wannan ba kwaikwayon kowa ba ne, kuma sau da yawa irinsa ya fi kwantar da hankali, domin ba ka wuni kana auna shi da wani. Kama da wane ba ta wane.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne yanke hukunci a tsaye gaban kanta. An fesa maka a takarda ko a murfi, ka shaƙa, ka ce wallahi shi ne, ka biya. Abin da ka ji a mintunan farko sinadarai ne marasa nauyi da ke tashi da wuri, kuma nan ne masu kwaikwayo suka fi zuba ƙoƙari tunda nan ciniki yake faɗawa. Ainihin turaren fata sai bayan awa ɗaya ko biyu yake bayyana, lokacin da saman ya tafi aka bar gindin. A nan mai kyau ke yin laushi ya kwanta, marar kyau ya koma warin roba ko ƙonanniyar taya. Akasin haka ma na faruwa: wani kwaikwayon kan buɗe da kaifi har ka kau da kai, bayan rabin awa ya daidaita. Ka fesa a bayan hannunka, ba a takarda ba, ka tafi harkarka, ka sake shaƙa bayan la'asar. Kada ka gwada fiye da uku a zama ɗaya. Mafi kyau ma ka nemi masu zuba turare a ƙananan kwalabe na mililita 5 ko 10, ka yi mako da shi. Idan da hali ka sayi ɗan kaɗan na ainihin ta wannan hanya, ka fesa shi a hannun dama, madadin a hagu. Wani lokaci bayan wannan gwajin mutum kan gano mililita 10 na ainihin ya ishe shi biki da Sallah na shekara guda, ba ya ma buƙatar wata babbar kwalba.

Akwai masu auna inganci da ƙarfi kawai. "Yana kama jiki?" ita ce tambayar farko da ta ƙarshe. Daɗewa abu ne mai arha a wurin mai haɗa turare, sinadaran itace da ambar na zamani kan kwana a riga ba tare da sun yi daɗi ba. Sannan hanci na gajiya: bayan ɗan lokaci kai ka daina jin turarenka, ka ɗauka ya tafi, ka ƙara fesawa, na kusa da kai a sahu ranar Juma'a shi ke shan wahala. Turaren fata da yaji na hunturu ne da dare. A zafin Afrilu feshi biyu ya isa, in ma ba a ajiye shi sai sanyi ya shigo ba. Tambayi mutumin gida ko yana jin sa kafin ka ƙara.

Na mai da ake aunawa a tola wani zance ne daban. Ana rubuta masa sunan Tuscan Leather, yana da araha, wani ma yana da daɗi, amma mai ba ya tashi kamar na feshi, kusa da jiki yake zama, kuma buɗewar nan mai haske ba ta fita sosai. Wanda ya sa ran za a ji shi daga bakin ƙofa zai yi baƙin ciki. Mai duhunsa kuma yana ɓata farar shadda, a shafa shi a jiki a bari ya sha kafin a sa riga. Mata masu turara kaya da turaren wuta su bi da humra, su kula: fata da za'afaran ba sa son kishiya. Ɗora su a kan kayan da suka riga suka sha hayaƙi mai zaƙi kan cakuɗe komai, sai a rasa wanda ake ji. A ware masa kayan da aka wanke ba a turara ba, ko waɗanda aka yi wa sandal kaɗan.

Wani kuma ya sayi mai kyau, shi ya kashe shi da hannunsa. Kwalba a gaban mota rana na dukanta, ko a bakin taga, ko a banɗaki inda ake wanka da ruwan zafi. Zafi da haske na lalata sinadaran, saman ƙamshin ke fara tsami, sai a dawo ana zagin mai shago. A mayar da ita cikin kwalinta, a sa a durowa ko can cikin kabad tsakanin kaya. Wadda za a riƙa yawo da ita a mota ko a jaka, a tsiyaya a 'yar ƙaramar kwalba, daidai abin da zai ƙare cikin mako biyu.