Yadda Ɗan Kasuwa Zai Karɓo Kuɗin da Banki Ya Zaftare Masa Ba Bisa Ƙa'ida Ba

Aikina shi ne riƙe wa 'yan kasuwa lissafi, yawancinsu masu kayan gini a Dei-Dei da masu atamfa a kasuwar Wuse. Kukan da na fi ji a bakinsu ɗaya ne: banki na cin kuɗina. Idan na ce a kawo takarda, sai a miƙo mini waya a nuna mini alat. Alat ba ya karɓo kuɗi, Alhaji. Ɗaga murya a gaban kanta ma ba ya karɓowa, don yarinyar da ke zaune a wurin ba ita ta yanka cajin ba, kuma ba ta da ikon mayar da ko sisi.

Takardu biyu za ka fara nema. Ta farko cikakken bayanin shige da ficen asusunka, mai hatimin banki, na shekarun da kake zargi. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci ga duk wanda ya taɓa cin obadiraf, wato bashin da banki ke barinka ka ciri fiye da abin da ke asusunka, ita ce takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar da aka ba ka bashin. A cikinta aka rubuta yawan ruwa da kuɗin hidima da wa'adi. In taka ta ɓace, rubuta wa manaja ka nemi kwafi.

Daga nan sai ka sauko da jadawalin caji na Babban Bankin Najeriya, CBN, daga shafinsa na intanet. Kowane caji ana auna shi ne da dokar da ke aiki ranar da aka cire shi, saboda haka ka riƙa duba kwanan wata. A jadawalin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, kuɗin kula da asusun kasuwanci, wato asusun current, bai wuce naira 1 a kan kowace naira 1,000 da ka fitar ba, kuma ba a cire shi a asusun ajiya. Wanda ya fitar da miliyan 20 a wata, iyakarsa 20,000, sai harajin VAT na kashi 7.5 a kan cajin. COT kuwa, wato tsohon kamashon da banki ke yanka a kan kuɗin da ka fitar, an soke shi tun 2016. Naira 50 da ake cirewa a tura kuɗi daga 10,000 zuwa sama ta gwamnati ce, kada ka ɓata tawada a kanta.

Babban kuɗin yana wajen ruwan bashi, kuma a nan nake so ka zauna da kalkuleta. Ana lissafa ruwan obadiraf ne kullum, a kan abin da ake binka a ranar. A ce ana binka miliyan 5, yarjejeniya ta ce kashi 28 a shekara. Ka fitar da kashi 28 na miliyan 5, ka raba gida 365, za ka samu kusan naira 3,836 a rana. Idan banki ya koma kashi 32 a ɓoye, ya zama kusan 4,384. Bambancin 548 a rana ba ya tayar wa kowa hankali, amma a shekara 200,000 ne cif, kuma abin da aka ƙara maka yana shiga cikin bashin ya haifi nasa ruwan. Banki na da damar sauya ruwa, amma sai ya sanar da kai kwanakin aiki 10 kafin ya fara. Tambaye su takardar sanarwar. Haka kuɗin hidimar bashi: kashi 1 ne iyakarsa, sau ɗaya, ba kowane wata uku ba. Tarar jinkirin biya ita ma kashi 1 ce a wata a kan abin da ka kasa biya. Na sha ganin an ɗora ta a kan bashin gaba ɗaya, kuma abin yana ƙona mini rai, don mutumin da kasuwa ta riga ta juya wa baya ake yi wa haka.

Jera abin da ka gano a tebur: rana, abin da aka cire, abin da ya kamata a cire, bambanci. Rubuta wasiƙa gajera zuwa ga banki, ka faɗi jimillar da kake nema. Kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a naka, a ba ka lambar bin diddigin ƙorafi. Kada ka bar wurin babu wannan lambar.

A kan cajin da ya wuce ƙima, banki na da kwana 30. In sun wuce shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, ta imel a cpd@cbn.gov.ng ko ka kai wasiƙa hedikwatarsu da ke titin Tafawa Ɓalewa a tsakiyar Abuja. Kyauta ne. Haɗa da teburinka, da wasiƙar da aka buga wa hatimi, da yarjejeniyar. Kada ka rubuta lambar sirrin katinka a ko'ina. Idan aka tabbatar an cuce ka, ƙa'ida ta ce a mayar maka da kuɗinka har da ruwa, a kuma ba ka haƙuri a rubuce. Ainihin kuɗin haƙƙinka ne. Abin da aka ɗora a kai kuwa, je ka tambayi malaminka yadda za ka yi da shi.

Ban ba kowa shawarar ya fara da kotu ba, domin da zarar magana ta shiga gaban alƙali CBN zai janye hannunsa. Amma in an ƙure, hanya a buɗe take. Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, da kamfanin Okem a 2004 cewa rikicin mutum da bankinsa ana iya kai shi Babbar Kotun Tarayya ko babbar kotun jiha, don haka Babbar Kotun Abuja da ke Maitama za ta saurare ka. A ƙarƙashinta akwai zauren sulhu da ke sasanta irin wannan ba tare da doguwar shari'a ba. Nemi lauyan da ya saba da ƙarar banki, ku yi magana a kan ladansa a rubuce tun farko, kuma ka samu ƙwararren akanta da zai tsaya ya kare lissafin a gaban alƙali. Idan har yanzu ana binka bashin, ci gaba da biyan abin da ba ka jayayya a kai, don banki zai shigar da tasa ƙarar a cikin taka.

Sai batun lokaci. Tun 2015 CBN ya sa wa'adin shekara 6 na kai ƙorafi daga ranar da aka cire kuɗin, ban da abin da ya shafi zamba, kuma a Abuja ƙarar karya yarjejeniya ita ma shekara 6 gare ta. Zaman jiran amsar banki ba ya tsayar da wannan agogon. Saboda haka idan ka karɓo takardunka, fara da shekarar da ta fi tsufa.